Famfon mai: Ciwon da ke kwantar da tsofaffin motoci a hanyar Palladan, da yadda ake gane shi kafin a kashe kuɗi

Duk mai bin titin da ya taso daga Kwangila ya ratsa Palladan zuwa Samaru ya saba ganin mota a gefen hanya, bonet a buɗe, direba na tsaye yana waya, fasinjoji sun fake a inuwa. Sau da yawa babu hayaƙi, babu ƙarar fashewar komai. Motar tana cikin tafiya ne ta fara shaƙewa kamar mai tari, direba ya taka totur ta ƙi amsawa, ta gangara gefe ta mutu. In an yi sa'a, bayan minti goma ko ashirin a murza makulli ta tashi kamar ba ita ba.

Sunan farko da ake kamawa a irin wannan hali shi ne famfon mai. Wani lokaci an yi daidai. Wani lokaci kuma famfon lafiyarsa ƙalau, an dai canja shi ne saboda shi baki ya saba ambata. Mai mota ya biya kuɗin sabo da na aiki, bayan kwana biyu motar ta sake mutuwa kusan a inda ta saba.

Lamarin ba ƙarami ba ne ga mutanen wannan yanki na ƙaramar hukumar Sabon Gari. Titin Palladan shi ne hanyar ɗalibai da ma'aikatan Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, shi ne hanyar masu kai marasa lafiya Asibitin Koyarwa na jami'ar da ke Shika, shi ne kuma ke miƙewa zuwa Giwa da Funtua, har Gusau da Sakkwato. Motar da ta mutu a gaban Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama da rana tsaka ɓata lokaci kawai ta jawo. Wadda ta mutu bayan an wuce Shika da magariba, a shekarun nan da satar mutane ta addabi yankin Giwa, ko wadda ta ɗauko mai naƙuda, maganarta daban ce. Kuma da yawa daga cikin motocin hayar da ke wannan zirga-zirga, irin su Golf da Sharon da tsofaffin bas, sun haura shekara 20 da ƙerawa.

Famfon iri biyu ne

Aikin famfon mai guda ɗaya ne: ya janyo fetur daga tanki ya kai shi inji. Yadda yake yin aikin ne ya bambanta, kuma wanda bai san wane iri ne a motarsa ba zai sha wahalar gane ko bakanike na kan hanya ko lalube yake yi.

Tsofaffin motoci masu kafireta, kamar Fijo 504 da kamfanin PAN ya daɗe yana haɗawa a Kakuri da ke Kaduna bayan buɗe masana'antarsa a 1975, famfonsu a jikin inji yake, an ɗaure shi da noti biyu. Ba ruwansa da batir. A cikinsa akwai wata roba shimfiɗaɗɗiya mai kama da fatar ganga, da wani ɗan hannu da kamshaf ke turawa yayin da inji ke juyawa. Robar ta ja da baya ta tsotso mai, ta dawo ta tura shi gaba, ƙananan bawul biyu kuma su hana man komawa inda ya fito. Ƙarfin turinsa kaɗan ne, bai kai rabin ba ba a ma'aunin da ake kira ba, wanda da shi ake auna iskar taya. Don a kwatanta, tayar ƙaramar mota tana ɗaukar kimanin ba 2.

Motoci masu injekta kuwa famfonsu na lantarki ne, kuma a mafi yawansu a cikin tanki yake, tsundum cikin fetur. Ɗan ƙaramin moto ne mai aiki da wutar batir, fetur ɗin da yake turawa yana ratsawa ta cikinsa, shi ne ke sanyaya shi, shi ne kuma man shafawarsa. Mutane kan yi mamakin yadda abu mai lantarki ke zama cikin fetur bai kama da wuta ba. Dalili shi ne babu isasshiyar iska a cikin rufaffen tanki da wuta za ta ci. Wannan famfo yana turi da ƙarfi, kimanin ba 3 a yawancin motocin da kowace silinda ke da injektarta. Amma akwai wasu Golf 3, waɗanda aka ƙera daga 1991 zuwa ƙarshen shekarun 1990, masu injekta ɗaya tal a sama mai kama da kafireta, su kimanin ba 1 suke buƙata. Famfunan biyu na iya kama da juna a ido, su shiga gurbi ɗaya, amma in aka musanya su motar ba za ta yi daidai ba.

Akwai kuma injunan da ba su da famfon mai kwata-kwata. Yawancin baburan haya, da ƙananan janareta, da injunan ban-ruwan da manoman rani ke amfani da su a gaɓar kogin Galma da Kubanni, tankinsu a sama yake, mai yana gangarowa ne da nauyin kansa. Manomin da aka ce wa famfon man injinsa ya mutu yana da damar ya ce a nuna masa shi.

Tun da aka cire tallafi

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki. Cikin kwanaki litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, zuwa watan Oktoban 2024 kuma ta zarce naira 1,000 a wurare da dama. Abin da ya biyo baya kowa ya gan shi a gidan mai: cika tanki ya zama labari, ana zuba na dubu uku, na dubu biyar, fitilar gargaɗin ƙarewar mai ta zama kamar ado a gaban direba, kullum a kunne.

Famfon lantarki ba ya son wannan rayuwa. Matuƙar yana samun fetur yana ratsa shi, ba ya zafi. Da zarar mai ya yi ƙasa sosai, aka sha kwana ko aka hau tudu ko aka faɗa rami, ɗan man da ya rage sai ya karkata gefe guda, famfo ya tsotsi iska. Kowane irin wannan tsotso yana barin moto yana juyawa a bushe na ɗan lokaci. Sau ɗaya ba ya kashe shi. Kullum sau goma, wata da watanni, sai gawayin cikinsa da ɗan fankan da ke tura man su cinye. Mafi muni shi ne mai ya ƙare ƙaf, direba ya yi ta murza makulli yana fatan ta tashi.

Akwai maganar da ta yaɗu cewa in mai ya yi ƙasa famfo yana kwaso dattin gindin tanki. Rabin gaskiya ce. Bakin famfo kullum a gindin tanki yake, ko a cike ko babu, don haka dattin da ya kwanta a ƙasa dama yana kusa da shi. Abin da ƙarancin mai ke yi shi ne ya sa dattin ya yi kauri cikin ɗan abin da ya rage, girgizar hanya ta dama shi kamar kunu. A motoci masu tankin ƙarfe kuma akwai ƙarin matsala: tankin da ke zama fanko yana tara raɓa a jikinsa, musamman da damina, ruwan ya gangara ƙasa tunda ya fi fetur nauyi, tsatsa ta fara ci daga ciki.

Shawarar da aka saba bayarwa ita ce kada a bar mai ya gaza kwata na tanki. A lissafi ba ƙarin kashe kuɗi ba ne, domin man da mota za ta sha daga Sabon Gari zuwa Samaru bai canja ba. Sau ɗaya ne za a zuba na ajiya a riƙa ɗorawa a kansa. Sai dai tankin Golf 3 lita 55 yake ci, kwatansa kusan lita 14 ke nan, wato kimanin naira 14,000 in lita tana 1,000. Ga ɗan hayar da zai kai wa mai mota balas da yamma, ya bar kuɗin cefane a gida, ajiye wannan kuɗi a gindin tanki ba abu ne mai sauƙi ba, kuma masu ba da shawarar daga ofis ba safai suke wannan lissafin ba. Duk da haka, wanda ya taɓa biyan kuɗin famfo da na jan mota da asarar aikin yini guda a rana ɗaya ya san wanne ya fi ciwo.

Masu mayar da mota ta koma amfani da iskar gas ta CNG su ma abin ya shafe su. A motoci da dama da aka yi wa wannan aiki, famfon fetur yana ci gaba da juyawa ko da motar tana kan gas. Mai ita ya ga ai ba fetur yake ƙonawa ba, ya bar tanki a bushe, famfo ya ƙone a banza.

Sai kuma ingancin man kansa. A watan Fabrairun 2022 hukumar da ke sa ido kan harkar rarraba mai, NMDPRA, ta sanar da gano fetur mai ɗauke da sinadarin methanol fiye da ƙa'ida a kasuwa. Shugaban kamfanin NNPC na lokacin, Mele Kyari, ya ce daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam aka shigo da shi. Janye man ya haddasa dogayen layuka na makonni, masu motoci da dama kuma suka koka da lalacewar inji. Methanol yana cin roba, yana kuma jan ruwa, abubuwa biyun da famfo ya fi tsoro. Wancan ya fito fili ne saboda girmansa. Man 'yan bumburutu da ake sayarwa a galan a bakin titi ba mai auna shi. Ko da asalinsa mai kyau ne, jarkar da ya kwana a ciki da mazurarin da ya sha ƙurar hunturu sun isa su toshe ragar famfo.

Kunne kafin sufana

Bakaniken da ya san aikinsa ba ya fara da kwance tanki. Yana farawa da tambaya: yaya ta mutu? Famfon da ke gab da ƙarewa yana da ɗabi'u. Mota takan yi wuyar tashi da safe sai an murza sau biyu ko uku. Takan yi lafiya a fili amma ta rasa ƙarfi a hawa ko in an cika ta da kaya. Takan shaƙe in an taka totur da ƙarfi don wuce wata. Wani lokaci ana jin kuka siriri mai tsawo daga wajen kujerar baya, wanda da can babu shi. Mutuwar farat ɗaya, kamar an kashe makulli, ta fi kama da matsalar lantarki.

Gwaji na farko kyauta ne. A kashe rediyo, a murza makulli zuwa inda fitilun gaban direba ke kamawa ba tare da an tayar da inji ba. A mafi yawan motoci masu injekta za a ji ɗan gurnani daga tanki na daƙiƙa biyu ko uku, sannan ya yi shiru. In hayaniyar titi ta yi yawa, wani ya buɗe murfin tanki ya kara kunne. Jin wannan gurnani yana nufin wuta na isa famfo kuma moto na juyawa. Bai tabbatar da cewa yana turi da ƙarfin da ake so ba, amma ya rage zargi.

In ba a ji komai ba, a nan ne ake yawan yin asara, domin shirun famfo ba shi ne mutuwarsa ba. Tsakanin batir da famfo akwai fiyus, akwai rile, akwai doguwar waya da ta bi ƙarƙashin mota, akwai soket a saman tanki, akwai kuma wayar da ke komawa jikin ƙarfe. Kowanne a cikinsu na iya katse wuta, kuma kowanne ya fi famfo araha nesa ba kusa ba. Fiyus ido ma na gane wanda ya tsinke. Rile ɗan akwati ne baƙi, in akwai irinsa sak a motar, kamar na hon, ana iya musanya su a gani. Tsohon rile yana da halin yin aiki da sanyi ya saki in ya ɗau zafi, wanda shi ne ainihin labarin motar da ke mutuwa a hanya ta tashi bayan ta huta. Daga nan sai rewaya ya sa mita ko ƙwan gwaji a soket ɗin tanki yayin da wani ke murza makulli. Wuta ta iso cikakkiya famfo bai motsa ba, to laifinsa ne. Ba ta iso ba, ko ta iso a raunane, sabon famfo ma haka zai kwanta.

Akwai dabarar da direbobi suka sani, ta dukan gindin tanki da tafin hannu ko guntun katako yayin da ake tayar da mota. In ta tashi, kusan an gama bincike: gawayin moto ya cinye, girgizar ce ta sa ya sake taɓawa. Dabarar kai mota gareji ce. Wanda ya mayar da ita abin yi kullum, wata rana zai daka har hannu ya gaji.

To in famfo yana gurnani amma mota ba ƙarfi fa? Abu na gaba shi ne filtar mai. Akwai motocin hayar da ba wanda ya tuna ranar da aka canja musu ita. Filtar da ta toshe tana ba da duk alamun famfon da ya gaji, kuma in aka bar ta, ita ce za ta gajiyar da shi da gaske, domin turi yake yi a ƙofar da ke rufe. Bayan filta sai geji. Ana ɗaura shi a tiyon da ke kai mai inji, a karanta matsin da mota a tsaye, a karanta in an taka totur, a kuma duba ko allurar tana faɗuwa da sauri bayan an kashe inji. Wannan ne kaɗai gwajin da ke ba da amsa da lamba. Abin takaici, ba kowane gareji ke da shi ba. Abin da aka fi yi shi ne a zare tiyo a murza makulli a ga yadda mai ke feshi, a ce ai yana kawowa. Famfon da ya rasa rabin ƙarfinsa ma zai yi feshi a buɗaɗɗen tiyo, ga kuma fetur a kan inji mai zafi.

Kafin a yanke hukunci akwai tambaya ɗaya da ta rage: anya ma matsalar ta mai ce? Inji na buƙatar mai da iska da tartsatsin fulogi. Kwayil da ya tsufa, ko na'urar da ke sanar da kwamfutar mota juyawar inji, dukansu suna iya ɗaukewa in sun yi zafi su dawo in sun huce. Duba ko fulogi na ba da tartsatsi a daidai lokacin da motar ta mutu aikin minti biyu ne, kuma ya ceci famfuna masu lafiya da yawa daga kwandon shara.

Famfon jikin inji na masu kafireta binciken sa ya fi sauƙi, amma yana da wani mugun hali guda. In robar cikinsa ta tsage, fetur na iya zubowa ta baya ya gangara cikin baƙin mai. Motar tana tafiya, ba wanda ya lura, alhali man da ke kare ƙarafan inji yana tsinkewa. Alamar ita ce a zaro sandar auna baƙin mai a ga ya ƙaru maimakon ya ragu, ya yi ruwa-ruwa, yana warin fetur. Wanda ya ga haka ya canja famfo ya bar baƙin man, rabin aiki ya yi. Irin waɗannan motoci kuma sukan shaƙe da zafin watan Maris da Afrilu a cikin cunkoso, saboda fetur ya tafasa ya zama tururi a tiyon da ya bi kusa da salansa. Maganin wannan shi ne a janye tiyon daga zafi, ba sai an sayi komai ba.

Wurin canji, da wurin saye

In ya tabbata famfon ne, haɗarin aikin ya fi wahalarsa. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ne kamar ruwa, yana taruwa a rami. Gareji a bakin titi kuwa ba ya rasa mai walda a gefe, ko murhun mai shayi, ko wani da sigari. A fili ake wannan aiki, nesa da duk waɗannan, da bokitin yashi ko tukunyar kashe gobara a kusa. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, yaɗa ta yake yi. Tsotsar mai da baki ta tiyo, wadda aka mayar da ita aikin yaran gareji, ita ma ba ƙaramin ganganci ba ce, domin ɗan abin da ya sarƙe ya shiga huhu ya isa ya kwantar da yaro a asibiti.

Ana fara cire fiyus ɗin famfo a tayar da mota har ta mutu da kanta, don matsin da ke cikin tiyo ya sauka, sannan a cire kan batir. A motoci da yawa akwai murfi ƙarƙashin kujerar baya ko a cikin but, wasu kuma sai an sauke tanki. A share ƙasar da ke kewaye da murfin kafin a buɗe, in ba haka ba ita ce za ta fara shiga. Wurin zaro famfon a kula da ɗan sandar da ke ɗauke da abin auna yawan mai, in ta lanƙwashe allurar gaban direba ta fara ƙarya ke nan.

Abin da ya raba aiki mai ɗorewa da na dawo-gobe ƙananan abubuwa ne. Sabon famfo da sabuwar raga yake tafiya, da sabuwar filta. In an leƙa tanki an ga laka ko tsatsa ko ruwa a ƙasa, a wanke shi, ko da mai mota yana sauri. Guntun tiyon da ke cikin tanki na musamman ne, wanda aka yi don zama cikin fetur. Tiyon waje in aka sa shi a ciki yakan kumbura ya fashe bayan 'yan watanni, a sake zargin famfo. Robar bakin murfi in ta bushe a canja ta, ita ce ke sa warin fetur ya cika mota in an cika tanki. Bayan an haɗa, a murza makulli sau uku ana dakatawa kafin a tayar, a duba ɗiga kafin a mayar da kujera.

Akwai gyara guda da ya kamata mai mota ya ƙi, ko da kyauta ne: a tsallake rile a haɗa famfo kai-tsaye da makulli. Masu ƙera mota sun tsara famfo ya tsaya da zarar inji ya daina juyawa. In aka yi haɗari tiyo ya tsinke, famfon da aka haɗa kai-tsaye zai ci gaba da kwarara fetur a ƙasa, mutane na ciki. Haka nan galan ɗin da ake ɗaurawa a saman mota mai kafireta, ko a ba yaron mota ya riƙe, tiyo ya gangara inji. Yana kai mota gida, amma ba abin ɗaukar fasinja ba ne.

Wajen saye, zaɓi biyu ne a shagunan kayan mota na Sabon Gari, ko Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano: sabo a kwali, ko ɗan Beljiyam da aka ciro daga motar da ta yi aiki a Turai. Masu mota da yawa sun fi amincewa da ɗan Beljiyam, kuma suna da hujja, domin kwalin da aka rubuta Bosch ko Denso a jikinsa ba lallai abin da ke ciki ya san hanyar kamfanin ba. Amma na hannu ma ba wanda ya san shekarun da ya yi, ko watannin da ya kwashe a bushe a kwantena. Taɓa shi da batir a ji ya yi ƙara, wanda shi ne gwajin da aka saba yi a shago, juyawa kawai yake nunawa, kuma juyawa a bushe cutar da shi take yi. Abin da ke kare mai saye shi ne ya je da tsohon ko lambarsa, ya faɗi irin injin motarsa, a yi yarjejeniyar dawo da kaya a gaban shaida, a rubuta a rasit. Ya kuma karɓi tsohon famfonsa ya tafi da shi. Wanda aka bari a gareji yana iya shan wanka ya koma kasuwa a matsayin ɗan Beljiyam.

A sama da kan ruwa

Ƙananan jiragen koyon tuƙi da ke shawagi a saman Palladan, inda kwalejin take tun kafa ta a 1964, sun nuna yadda masu ƙira ke kallon wannan ɗan abu. Irin waɗanda fukafukansu ke ƙasa galibi famfo biyu ake sa musu, ɗaya inji ke juya shi, ɗaya na lantarki yana jiran ko-ta-kwana, domin a sama babu gefen titi.

A kan ruwa ma babu, sai dai can famfo ɗaya ne. Injunan da ake maƙalawa a bayan kwale-kwale a Yawuri da sauran garuruwan gaɓar kogin Neja da tafkin Kainji, irin su Yamaha masu shan fetur gauraye da baƙin mai, famfonsu ɗan uwan na Fijo 504 ne: roba da bawul biyu. Bambancin shi ne babu hannun ƙarfe, numfashin da ke fita yana komawa cikin inji yayin da fistin ke hawa da sauka shi ne ke kaɗa robar.

Gwajinsa a hannun matuƙi yake. A tiyon da ya taso daga tanki akwai wata roba mai kamar ƙwai da ake matsawa kafin a ja igiya. In inji ya fara shaƙewa a tsakiyar ruwa aka yi ta matsa ta ya farfaɗo, aka daina ya koma, to hannu ne ke yin aikin famfo: ko robarsa ta gaji, ko iska na shiga ta wani tsagi a tiyo. In ƙwan ya shanye ya lotse ya ƙi cikowa, toshewar tana baya, kuma sau da yawa ɗan notin shan iska na murfin tanki ne aka manta ba a sassauta ba. Robar da ta huje kuwa takan zuba fetur cikin silinda ɗaya, fulogin wannan silinda ya riƙa fitowa baƙi a jiƙe, inji yana hayaƙi yana rawa in an sassauta gudu. A kwance famfon daga jikin inji a bar tiyoyinsa a haɗe, a matsa ƙwan. In mai ya fito ta ƙaramin ramin baya, robar ta tafi.

A haɗurran jiragen ruwa da suka girgiza Arewa, kamar na Warrah a jihar Kebbi a watan Mayun 2021 da na Bagwai a jihar Kano a watan Nuwamban shekarar, lodi fiye da kima da tsufan jirgi da rashin rigar kariya ne hukumomi suka fi ambata. Amma kwale-kwalen da aka cika maƙil, injinsa ya ɗauke a inda ruwa ke da ƙarfi, ba ya iya fuskantar igiyar ruwa, sai ya ba ta gefe. Robar wannan famfo da bawul ɗinsa ana sayar da su a 'yar leda da za ta shiga aljihun riga, kuma sukudireba ɗaya ta isa a canja su a bakin gaɓa kafin a ɗauki fasinja.